Guragun Kawu

Allah ya jiƙan Kawu, ƙanin mahaifiyata. Ina can kudu da lodin albasa waya ta same ni, kafin in iso gida an riga an rufe shi. Zaman makoki na tarar. An shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, gero ya kai gwiwa a gonakin da suka kewaye mu, rumbuna kuwa ko ɓera ya daina leƙa su.

Na zauna ina amsa gaisuwa, ina sauraron abin da za a faɗa a kansa. Liman ya ce, "Mutum ne mai haƙuri." Ya lalubi yabo na biyu, bai samu ba, ya koma kan tasbaha. Mai unguwa ya yi addu'a mai tsawo, da ya shafa sai ya karkato wajena ya ce, "To bana wa zai ba mu aron murhu idan Sallah ta zo?" Wani daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe, a samu ragon tukuna." Aka danne dariya a cikin hannun riga.

Mutum ɗaya na ga ya yi kuka, shi ne tsohon maƙerin garinmu, wanda suka yi shekaru suna zagin aikin juna da Kawu. Ya zauna can gefe shi kaɗai, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa.

Sai kuma wani baƙo da ban sani ba, ya zo a kan mashin, sikeli ɗaure a baya. Ya tsuguna ya ɗaga hannu ana addu'a, amma idonsa ta tsakanin yatsu yana kan tulin ƙarafan da ke bayan rumbu. Na tambayi na kusa da ni, aka ce mai sayen gwangwan ne. Na ce a raina, wannan ba gaisuwar mutuwa ya zo ba, awo ya zo yi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Na ga idan na yi shiru, abin da zai rage na Kawu shi ne "mai haƙuri" da nauyin kilo.

Kawu manomi ne. Gidansu gidan allo ne da fartanya, kaf zuri'armu babu wanda ya taɓa riƙe guduma. Amma wani rani ya je birni ci-rani, ya dawo ɗauke da wani ruɓaɓɓen murhun gasa nama a ka, irin na rabin duro mai raga a sama, wanda ya tsinto a bola. Wasu suna dawowa da rediyo, wasu da atamfa, shi ya dawo da tsatsa. Tun daga nan ciwon ya kama shi, bai kuma sake shi ba sai da ƙasa ta rufe idonsa.

Ba sana'a ba ce, kada wani ya ce sana'a ce. Da sana'a ce da ta taɓa yi masa riga. Idan ya dawo daga gona ya yi la'asar, sai ya ja buzu bayan rumbu, ya ɗauko wani mataccen murhu ya ɗora a cinya kamar mai jinya. Ya goge tsatsa da yashi da ɓawon lemon tsami, ya toshe huda da guntun kwano, ya saƙa sabuwar raga da waya. Ba ya kai wa masu walda, da noti da ƙusa yake haɗa komai, wai walda aure ne na dole tsakanin ƙarfe da ƙarfe, noti kuwa in an gaji a kwance. Idan ya gama sai ya hura gawayi, ƙarfen ya yi zafi, ya bi shi da kitse lungu-lungu. Yana kiran wannan ciyar da ƙarfe. Yakan ce, "Ƙarfen da bai ci ba, kai zai ci."

Da na fara bin mota, sai na zama dillalinsa ba da sona ba. Duk inda na dawo, kafin ya tambayi lafiyar hanya sai ya leƙa bayan motar.

"Ɗan nan, ba ka samo mini maraya ba?"

"Kawu, mutane suna tambayar tsarabar goro, kai kana tambayar bola."

"Goro a tauna a tofar. Sauko mini da shi a hankali, kada ka karya masa baya."

Na kwaso masa daga bayan otal-otal, da gidajen turawan da suka tashi, da tashoshin da ban ma iya tuna sunansu ba. Abokan aikina har suna ce mini jakin Kawu.

Ga abin da ya bambanta aikinsa da na kowa. Duk murhun da ya shigo hannunsa da ƙafa huɗu, da uku zai fita. Sai ya kwance su duka, ya ajiye ɗaya, ya raba ukun daidai. Mutanen gari suka sa musu suna guragun Kawu. Maƙerin nan yakan tsaya a kansa ya ce, "Kai ɗan malamai, wa ya aike ka? Jaki ƙafa huɗu, akuya ƙafa huɗu, kai ka fi Mai halitta ne?"

Kawu ya ce, "Tukunyar uwarka a kan duwatsu nawa ta dafu?"

"Kada ka sako uwata!"

"To kada ka sako jaki. Ƙafa huɗu ta siminti ce. Nan ina ka ga siminti? Ajiye mai huɗu a ƙofar gidanka ka gani in bai yi ta rawa kamar ɗan kama ba. Mai uku kuwa, ko a kan kunyar gona ka dasa shi ya zauna."

Gaskiyarsa ce. Na gwada a ƙasashe da yawa, ban taɓa ganin gurgun Kawu ya yi rawa ba. Kuma na gan su a inda ban zata ba. Na taɓa sauka a wata tasha can ƙasar Yarbawa, na hango wani Bahaushe yana gasa masara a kan murhu mai ƙafa uku da noti. Na tsaya ina kallonsa kamar na ga ɗan'uwana. Mutumin ya ɗauka masarar nake so ba ni da kuɗi, ya miƙo mini ɗaya.

Ranar kasuwar Tsanyawa yakan ɗaure ɗaya ko biyu a keke ya tafi. Zuwa kasuwa da Kawu azaba ce. Mai saye ya zo, maimakon a yi ciniki sai ya hau yi masa tambayoyi kamar mai neman auren 'yarsa. Me za ka gasa? A ina za ka ajiye da damina? Kana da rumfa? Wani ya taɓa ɗan shurin murhun da ƙafa don ya ji ƙarfinsa, Kawu ya ce an sayar. Mutumin ya ce wa ya saya? Ya ce wanda bai zo ba tukuna. A ranar kuma wata bazawara mai 'ya'ya ta tsaya tana shafa ragar, ta tambayi kuɗi, ta juya za ta tafi. Ya kira ta ya ce ai wannan yana da aibi, ba zai sayu ba, ta taimaka ta rage masa kaya. Da shi ta yi ta gasa masara a bakin titi har ta aurar da 'ya'yanta. Ban gan ta a wajen makoki ba. Wataƙila ba ta ji ba. Bari in ce ba ta ji ba.

Kuma ba ya rabuwa da murhu sai ya yi abin da yake kira ɗanɗanon fari. Ya gasa wani abu a kai, ko zabo ne ko 'yan kayan ciki, ya yayyanka a faranti, duk wanda ke kusa ya sa hannu. Ƙofar gidan nan ta sha cika. Mutanen da suka danne dariya a kan tabarmar makokinsa, babu wanda ban taɓa gani yana lasar yatsa a wurin ba.

Sai labarin gadon Inna, matarsa. Ina yaro aka yi shi, amma ina tune.

Inna ta zo gidan da gadon ƙarfe mai rumfa, wanda mahaifinta ya sayar da maraƙi ya saya mata. A unguwar babu irinsa. Da shekaru suka tura, gefe ɗaya ya karye, aka jingine shi a bango ana jiran gyara. Wata rana ta tafi suna garinsu, Kawu ya zauna yana kallon ragar gadon, ragar tana kallonsa. Kafin ta dawo ya yanka ta. Ya haɗa wani ɗan ƙaramin murhu, ragarsa ta gadon, ƙafafunsa uku na gadon, har da 'yan ƙwallayen tagulla na ado ya maƙala masa a hannu.

Inna ta dawo, ta ga ƙafa ɗaya kwance a tsakar ɗaki. Ta ɗauki ƙafar, ta ɗauki mayafi, ta kama hanyar gidan iyayenta.

Aka aika dattawa biko, ta ce ba ta dawowa. Kawu ya tashi da kansa, ya ɗaure murhun a keke, ya kama zabuwa. Ya dasa shi a ƙofar gidan surukansa, ya hura gawayi, ya hau gashi, ƙamshi ya cika unguwa. Surukinsa ya fito ya ce, "Lafiya?"

Kawu ya tsuguna ya ce, "Baba, an ce mini ta yi yaji. Shi ne na kawo abin da za a barbaɗa wa."

An ce tsohon sai da ya dafa bango saboda dariya. Inna daga zaure ta jefo shi da ƙafar gadon, ta kuskure shi. Amma ta dawo. Ta dawo da ƙafar a hannu, ta mai da ita madogarar ƙofar ɗakinta, ta ce ta ajiye ta ne saboda ranar da zai ƙara. Murhun nan kuwa shi kaɗai ne bai taɓa zuwa kasuwa ba, bai taɓa fita aro ba. Da sanyi a kansa take ɗumama tuwo, a kansa yake gasa mata hantar layya kafin kowa ya ci. Yakan ce, "Wannan ba nawa ba ne, na mai ɗaki ne. Ni haya nake."

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda ba sai na bayyana wa kowa ba. Taki ya fi ƙarfin manomi, hatsi ya fi ƙarfin wanda ya noma shi. Sallah ta zo ta wuce, unguwa guda babu hayaƙi sai a gida ɗaya ko biyu. Wa zai sayi abin gasa nama? Ɗanɗanon fari ya koma masara, daga masara ya koma rogo, ƙofar gida ta yi fayau. Kitsen ciyar da ƙarfe ma ya gagara. Na taɓa tarar da shi yana shafa wa wani murhu ɗan man gyaɗan da Inna ta zuba masa a rama. Ya ci ramar gaya.

Na ce, "Kawu, yanzu kai da ƙarfe wa ya fi bukata?"

Ya ce, "Ni na saba."

Bai daina ba. Yana gyarawa, yana jerawa a bayan rumbu, babu mai saye. Waɗanda suka ci zabinsa suka fara cewa tsufa ya taɓa shi. Wasu da suka karɓi aro ba su dawo da shi ba, daga baya muka ji sun kai sikeli. Ya ji, bai je ya tambaya ba. Abin da kawai ya ce mini shi ne, "Yanzu ƙarfe ya fi mutum daraja. Shi ana zuwa har gida a tambayi nauyinsa."

Babban ɗansa, taubashina, shi yake riƙe da gonar. Tun muna yara yake ce mini bawansa, wai ɗan mace bawan ɗan namiji ne, ni kuma in ce masa ubangidan da ba shi da wando. Ba mugu ba ne, ina so a rubuta wannan. Mutum ne mai 'ya'ya da yawa da gona mai jin yunwa. A gabana ya taɓa cewa, "Baba, ƙarfen nan zai sayi taki." Kawu bai ɗago ba, ya ce, "Idan na mutu ka sayar."

Taubashina ya riƙe maganar.

Ranar sadakar uku, ana gama addu'a, mai mashin ya dawo, wannan karon da kurar ɗaukar kaya a bayansa. Aka rataya sikeli a reshen darbejiya, a daidai inda Liman ya zauna. Aka fara fito da guragu. Mai sayen yana ɗagawa yana taɓe baki, yana cewa, "Duk ƙafa ɗaya ta ɓalle, ba su moruwa, sai dai narki." Babu wanda ya gyara masa. Maƙerin ya tashi ya tafi gida.

Inna tana ɗaki cikin takaba, ba ta fita, amma kunnenta yana waje. Ta ji ƙarar 'yan ƙwallayen tagullar nan, don ta san kukansu. Ta ɗaga murya daga bayan asabari, muryar da ban taɓa jin ta da ita ba.

"Ku ajiye wannan! Gadona ne!"

Taubashina yana riƙe da shi. Ya juya wajen ɗakin ya ce, "Inna, gado ai sai an raba. Za a fitar miki da tumuninki, ba wanda zai ci haƙƙinki."

Gadon kwanciya da gadon mamaci, a bakin Bahaushe ba ɗaya ba ne. Yaron goye ma ya san bambancinsu. Taubashina ya ji. Na rantse ya ji, kuma ya san labarin, don da shi aka yi ta ba mu dariya muna yara. Amma tagulla ta fi baƙin ƙarfe tsada, shi kuma gero yana jiran taki.

Na matsa na riƙe hannun murhun. Na yi ƙoƙarin sako wasa, don da wasa muka saba warware komai. Na ce, "Haba ubangidana, bar wa bawanka wannan mana, ko ladan bauta ne."

Ya dube ni, babu dariya a fuskarsa. Ya ce, "Kai ɗan mace ne. Ba ka da baki a gadon gidan nan."

Kalmar da muka yi shekaru muna wasa da ita, ashe tana da kaifi. Na duba tabarma ko wani dattijo zai yi magana. Mai unguwa yana gyara takalminsa. Liman ya riga ya tafi. Na saki.

Da la'asar na shiga yi wa Inna sallama. Tana zaune a kan tabarma, ta juya wa ƙofa baya. Ta ce, "Kai da kake yawon duniya. Ka nemo mini."

Na nema. Na je wajen mai gwangwan, ya ce ya tura kaya birni, amma akwai 'yan ƙanana da wasu suka tsinta kafin a loda, bai san su ba. Na bi kasuwanni, na leƙa ƙarƙashin teburin duk mai tsire da mai masarar da na gani, har wani ya ce ko kuɗina ne suka faɗi. Damina ta wuce, aka yanke gero. Takin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba, 'ya'yan taubashina sun ci tuwo.

A tashar Bagwai na ga murhun. Ban ma je nema ba, ruwa na tsaya zubawa a mota. Wani mai tsire, ya ɗora 'yan tsinkaye a kan ragar da na sani kamar tafin hannuna. An cire tagullar. An kuma kai shi wajen mai walda, an liƙa masa wani guntun rodi a gefe, ƙafa ta huɗu. Ƙarƙashin ƙafa ɗaya an cusa dutse, ƙarƙashin wata an ninke kwali. Duk sanda ya juya nama sai murhun ya gyaɗa kai.

Na ce, "Malam, wa ya yi masa wannan?"

Ya ce, "Gurgu na saye shi, Alhaji. Ni na yi masa gata."

"To ya daina rawa?"

"Ina fa! Ƙasar nan ce ba daidai ba."

Na ce ya sayar mini. Ya ce da shi yake ci da iyali, in ya sayar kafin ya samu wani kasuwa ta wuce shi. Na ƙara masa, ya ƙi, ya fara zargin ko akwai wani asiri a jikin ƙarfen. Na tsaya ina kallon hayaƙin. Wannan shi ne karo na farko da na ga nama a kan aikin Kawu tun da shekarun nan suka shigo. Kitse yana ɗiga a kan ragar, ƙarfen yana ci. Na san abin da Kawu zai ce idan na raba murhu mai wuta da mai hura shi don in kai shi ɗaki ya yi sanyi. Na sayi tsire, na sa aka barbaɗa yaji da yawa, na kama hanya.

Inna ta gama takaba a lokacin, amma ba ta cika fita ba. Na ajiye mata ƙunshin, na faɗa mata komai, ban rage ba. Tagullar, da waldar, da dutsen, da kwalin.

Can ta ce, "Yana rawa?"

Na ce, "Yana rawa, Inna."

Sai ta yi dariya, irin wadda rabona da ji tun Kawu yana da rai, ta yi ta yi har ta koma wani abu daban, ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Da ta sauke ta ce, "Ai ya faɗa musu. Shekara da shekaru yana faɗa musu."

Ba ta taɓa tsiren ba. Ta ce in kai wa jikoki.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya sa ka sauka a inda ƙasa take daidai. Ya yafe maka gadon da ka yanka, ya yafe wa wanda ya ji ya ce bai ji ba, mu da muka ci muka yi shiru kuma, ya dube mu da rahama in da sauran rabo.

Na tashi zan fita, iska ta turo ƙofar ɗakin. Inna ta miƙa hannu ta jawo madogarar, tsohon ƙarfen nan da ya yi baƙi saboda riƙo, ta tokare ƙofar da shi. Ta ga ina kallo.

Ta ce, "Wadda suka liƙa masa ba tasa ba ce. Tasa tana nan."